Yadda Ake Zaɓen Batirin Ajiya da Inda Ya Dace a Girke Shi a Motar Tafiya da Kwana

A Amurka da Turai akwai motocin yawon shaƙatawa da ake ƙerawa da gado da kicin da firji tun daga masana'anta, kuma kowacce tana zuwa da batir iri biyu, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na kayan cikin ɗaki. A nan Kebbi da Zamfara mu muke haɗa tamu da hannu. Ɗan kasuwar da ke ɗauko ɗanyen kifi daga Yauri, da ma'aikacin lafiyar da ke yawo da allurar rigakafi a ƙauyukan Zuru, da masu wa'azin da ke ɗaure lasifika a rufin bas, da magidancin da zai kwana a mota tare da iyalinsa lokacin bikin kamun kifi na Argungu, duka buƙatarsu ɗaya ce: wutar da za ta riƙe firji da fanka da ƙwan lantarki bayan an kashe inji, ba tare da an wayi gari mota ta ƙi tashi ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, a ƙasa mai zafi da gargada irin tamu, lissafin da ka yi kafin saye da wurin da ka girke batirin sun fi sunan da ke jikin kwali tasiri a kan tsawon ransa.

Batirin da ke tayar da inji an yi shi da farantan dalma sirara masu yawa, domin ya saki wuta mai ƙarfi cikin daƙiƙu kaɗan, sannan altaneta ta mayar masa da abin da ya rasa. Idan aka riƙa janye wutarsa har ƙasa kowane dare, farantan nan sukan zube, cikin 'yan watanni ya daina riƙe caji. Batirin ajiya kuwa, wanda a kasuwa aka fi kira batirin sola ko na inbata, farantansa kaura ne, an yi su ne don su ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i, a sake cika su, a maimaita haka sau ɗaruruwa. Don haka motar kwana tana buƙatar duka biyun, kowane a kan aikinsa.

Lissafin wuta kafin shiga kasuwa

Mataki na farko takarda ne da biro. Ka rubuta kowane kayan wuta da za ka kunna, ka duba adadin wat da aka rubuta a jikinsa, ka ninka shi da sa'o'in da zai yi yana aiki a yini ɗaya. Ɗauki misalin bas mai ƙaramin firjin mota na wat 45. Injin firji ba ya aiki dare da rana babu tsayawa, amma a zafin Afrilu na Birnin Kebbi, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, gara ka ɗauka zai yi awa 14, wato wat-awa 630. Fanka biyu masu wat 15 kowace, na awa 8, sun ci 240. Ƙwai huɗu masu wat 5 na awa 5 sun ci 100. Cajin wayoyi huɗu kusan 60 ne, kwamfutar tafi-da-gidanka mai wat 60 ta awa 3 kuma 180. Jimla ta kama 1,210. Ka ƙara kashi 15 cikin 100 saboda abin da ke salwanta a wayoyi da inbata, ka samu kusan 1,400. Idan ka raba wannan da bolt 12, wato ƙarfin wutar batirin mota, buƙatarka ta yini ta zama amfiya-awa 117, wato abin da ake rubutawa Ah a jikin batir.

A nan ne mutane da yawa suke tafka asara, domin sukan sayi batir mai 120Ah su ɗauka sun gama. Batirin dalma ba a son a cinye fiye da rabinsa, saboda haka mai buƙatar 117 sai ya ninka, ya nemi kusan 240Ah. Batirin litiyam ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da an cutar da shi ba, don haka 150Ah ya wadatar. Wannan lissafin na yini ɗaya ne kawai. Wanda zai yi kwana biyu a tsaye a lokacin damina, babu tuƙi kuma babu rana sosai, sai ya ƙara.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi a rubutun jikin batir. Idan ka ga C20 kusa da 100Ah, ana nufin batirin zai ba da amfiya 5 na tsawon awa 20. Idan ka ɗora masa kayan da ke jan amfiya 50, ba zai kai awa biyun da lissafi ya nuna ba, domin batirin dalma yana raguwa gwargwadon saurin da ake jansa. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Peukert ne ya bayyana wannan tun 1897. Saboda haka butar lantarki da dutsen guga da hita ba kayan batir ba ne, a bar wa gas ko gawayi aikin dafa ruwa.

Wane iri za a saya

Batirin tubula mai ruwa, wanda ya cika shagunan sola daga Gusau zuwa Jega, yana da juriya kuma yana da sauƙin kuɗi, sai dai an yi shi ne don ya tsaya cak a kusurwar ɗaki. Dogo ne, mai 200Ah yakan haura kilo 55, yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, kuma asid ɗinsa yana fantsama idan mota ta faɗa rami. A ra'ayina bai dace da cikin motar da mutane ke kwana ba. Idan dole sai mai ruwa, gara gajerun nan masu bolt 6 da aka yi wa motocin filin wasan golf, irin Trojan T-105 mai 225Ah, waɗanda masu motocin shaƙatawa a Amurka suka daɗe suna haɗa biyu su ba da bolt 12. Su ma wurinsu akwatin da ke wajen ɗakin kwana ne.

Batirin AGM shi ma na dalma ne, amma an tsotse asid ɗinsa cikin wani irin audugar gilashi, an rufe shi, ba a ƙara masa ruwa, ba ya zuba, kuma yana jure jijjiga. Mai 100Ah yakan kai kilo 30. Na jel ɗan'uwansa ne, ya fi shi haƙuri da janyewa mai zurfi, amma ya fi shi saurin lalacewa idan aka caje shi da bolt mai yawa.

Na ƙarshe shi ne litiyam irin LiFePO4, wanda binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas ya fito da shi a wajajen 1996 da 1997. Mai 100Ah bai fi kilo 12 ko 13 ba, yana karɓar caji da sauri, kuma yana yin zagayen caji da janyewa dubbai a inda na dalma ke yin ɗaruruwa. A cikinsa akwai wata na'ura da ake kira BMS, wadda ke yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko ya yi ƙasa, ko zafi ya wuce kima. Kuɗinsa ya fi yawa a ranar saye, amma wanda motarsa ce hanyar cin abincinsa, yana janye batir kowane dare, shi ne ya fi cin ribarsa. Wanda kuwa sai lokaci-lokaci yake fita, AGM ya ishe shi. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne batirin litiyam da aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyin kwamfuta ko na babur, domin sinadarinsu daban ne, sun fi saurin kamawa da wuta, kuma bai kamata mutum ya kwana kusa da su a rufaffiyar mota ba.

Idan ka je shago ka tafi da mitar auna bolt. Batirin dalma da ya cika kuma ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8, idan sabon ya nuna ƙasa da 12.4, ya daɗe a ajiye babu caji, kuma wataƙila farantansa sun fara daskarewa. Ka duba ranar da aka ƙera shi, ka guji wanda ya wuce wata shida a kan kanta. Sannan ka sa a ɗora shi a sikeli, domin dalma tana da nauyi, batirin da aka rubuta wa 200Ah amma nauyinsa bai kai kilo 45 ba, rubutun ya fi abin da ke ciki. Ka karɓi rasit da takardar garanti mai ɗauke da lambar batirin.

Idan batir biyu za ka haɗa, su kasance iri ɗaya, girma ɗaya, kamfani ɗaya, an saye su rana ɗaya. Haɗa jan kai da jan kai, baƙi da baƙi, yana ƙara Ah, bolt ya tsaya a 12. Haɗa jan kan ɗaya da baƙin ɗayan yana ƙara bolt, Ah ya tsaya yadda yake. A haɗi na farko ka ɗauki jar waya daga batir ɗaya, baƙa daga ɗayan, domin su raba aikin daidai, in ba haka ba na kusa zai riga na nesa mutuwa. Sabo da tsoho ba sa zama tare, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Wurin da za a girke shi

Wannan shi ne matakin da ya fi cancantar a ɓata masa lokaci. Masu ƙera batirin dalma suna auna ransa ne a digiri 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage ransa da rabi. Mu da muke zaune inda inuwa ma takan kai 40 a bazara mun riga mun fara da giɓi, saboda haka kowane digiri da muka iya ragewa riba ce. Litiyam ma yawancinsa ba a son a caje shi idan zafinsa ya haura digiri 45.

Bas irin Hiace injinta yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, kuma wurin da masu gyaran wayoyin mota suka fi son ajiye batir na biyu, wato bayan kujerar direba, shi ne ya fi ko'ina zafi a cikin motar. Na ga AGM da aka ciro daga irin wannan wuri a wani garejin Jega: gefunansa biyu sun kumbura har ba ya zama daidai a ƙasa, lambar jikinsa ta ɓamɓare ta yi ruwan ƙasa, kuma idan ka danna bayansa da yatsa za ka ji robar ta yi laushi. Kafin ka yanke shawarar wuri, ka tuƙa motar na awa ɗaya da rana, ka tsaya, ka bi daɓen da tafin hannu. Duk inda hannunka bai iya daɗewa ba, da duk inda salansa ta bi ta ƙarƙashinsa, da inda rana ke dukansa ta gilashi, ka cire su daga lissafi.

Bayan zafi sai nauyi. Batir ya zauna ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, kusa da tsakiyar mota gwargwadon iko. Idan ka kai kilo 60 can ƙarshen baya, gaban mota zai yi sauƙi, sitiyari ya riƙa wasa, kuma can ne jijjiga ta fi tsanani a hanya mai ramuka. Idan tankin ruwa yana ɓangaren dama, batir ya koma hagu. Ƙarƙashin gado ko bencin da ke tsakiyar mota shi ne wurin da ya fi dacewa ga AGM da litiyam. Wasu sukan rataye akwatin batir a ƙarƙashin mota, kuma yana da amfanin samun iska, amma wanda ke bin fadamun Argungu da Suru da damina ya tuna cewa ruwa da laka za su kai gare shi, litiyam kuwa ba ya shiri da ruwa ko kaɗan.

Sai maganar iska. Batirin dalma yana fitar da haidurojin idan yana caji, kuma da zarar wannan iskar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe. Tana da sauƙi, sama take tashi, saboda haka akwatin batir mai ruwa dole ya zama a rufe ta ɓangaren ɗaki, da ƙofar shigar iska a ƙasa, da bututun fitarta a sama wanda ya leƙa waje. AGM ba ya fitar da ita sosai sai caji ya wuce kima, amma shi ma ba a kulle shi a akwatin da babu huda. Kada a ajiye tukunyar gas ko jarkar fetur a akwati ɗaya da batir, kuma kada a girke inbata a saman batir mai ruwa, domin tururin asid yana cin kayan cikinta, ita kuma tana iya yin tartsatsi. A bar tazarar yatsu biyu tsakanin batir da batir don iska ta ratsa.

Ɗauri shi ne abu na ƙarshe a wannan mataki, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A karo mai ƙarfi batir mai kilo 30 yana fizgar abin da ya riƙe shi da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, igiyar roba ko katakon da aka tokare shi da shi ba za su tsayar da shi ba. A yi masa tire na ƙarfe, a ɗaure tiren da noti mai ratsa daɓen mota da faffaɗan washa a ƙarƙashi, a shimfiɗa roba mai kauri, sannan a danne batirin da sandar ƙarfe ko ɗamara mai ƙarfi. Kafin a huda daɓe a leƙa ƙasa, domin tankin mai da bututun birki suna nan. A rufe kawunan batir da hular roba, saboda sifana ɗaya da ta faɗo a kansu ta isa ta tayar da gobara. Kuma a bar hanyar da hannu da mita za su kai gare shi ba sai an kwance gado ba.

Waya da fis

A bolt 12 wuta tana tafiya da amfiya mai yawa, shi ya sa wayar gida ba ta yin wannan aiki. Inbata mai wat 1,000 tana jan fiye da amfiya 90 idan ta ɗauki cikakken kaya, tana buƙatar waya mai kaurin 35mm², kuma tsawonta kada ya wuce mita ɗaya da rabi. Wayar da za ta taso daga batirin inji zuwa na ajiya a cajar amfiya 30 tana son 10mm² zuwa 16mm² gwargwadon nisa. Ka kankare bakin wayar da wuƙa tun kana shago: idan jan launin ya tafi, fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma zai yi zafi a inda tagulla ta gaskiya ba za ta yi ba.

Kowace jar waya da ta fito daga batir tana buƙatar fis kusa da kan batirin, ƙa'idar masu jiragen ruwa a Amurka ta ce cikin santimita 18. Aikin fis kare waya ne, don haka girmansa yana bin kaurin wayar. Ga wayar inbatar da aka ambata, amfiya 125 zuwa 150 ya dace. Wayar da ta haɗa batir biyu tana son fis a kowane ƙarshe, tunda wuta na iya zuwa ta ko'ina. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a ɗaure ta da tazara kaɗan-kaɗan, domin gargada tana goga waya da bodi har rigarta ta huje. A sa babban makunni da zai yanke komai da juyi ɗaya. Lokacin aiki a cire zoben azurfa da agogo, a fara kwance baƙin kai, idan za a mayar kuma shi ne na ƙarshe.

Hanyoyin caji

Haɗa batirin ajiya da na inji kai-tsaye da waya kuskure ne, domin firji zai cinye su duka biyun cikin dare. Ga AGM a tsohuwar mota, rile mai jin bolt, wato makunni mai aiki da kansa, ya wadatar: yana haɗa su idan inji ya tashi bolt ya kai wajen 13.3, ya raba su idan an kashe. Ga litiyam, ko ga sabbin motocin da altanetarsu ke rage bolt da kanta, sai cajar DC-DC, mai cajin batirin ajiya daga na inji, wadda ke taƙaita abin da ake ja don kada altaneta ta ƙone, musamman a cunkoso inda inji ke juyawa a hankali. Mai amfiya 30 tana mayar da kusan 120Ah a tuƙin awa huɗu, wato buƙatar yini a misalinmu.

Rana kuwa Allah ya hore mana ita. Farantin sola da aka kwantar a rufin mota yana yin zafi, ƙurar hunturu tana rufe shi, don haka kada a sa ran fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta. Da awa biyar na rana mai ƙarfi, mai buƙatar wat-awa 1,400 yana son faranti na kusan wat 400, da kwanturola irin MPPT, wato na'urar da ke daidaita wutar faranti kafin ta shiga batir. A fara haɗa kwanturola da batir kafin faranti, a zaɓi irin batirin a cikin saitinta. AGM yana cika a wajen bolt 14.4, jel ƙasa da haka kaɗan, litiyam tsakanin 14.2 da 14.6, amma takardar kamfanin ita ce abin bi. Idan kwanturolar tana da wayar jin zafi a manna ta a jikin batirin dalma, domin bolt ɗin da ya dace da sanyin Janairu yana dafa batir a watan Afrilu.

Kulawa da rabuwa da tsohon batir

Batirin dalma da ya huta ya nuna bolt 12.2 ya kai rabi, lokacin caji ya yi, kuma barinsa a haka na kwanaki shi ne abin da ya fi kashe shi. Litiyam bolt ɗinsa ba ya sauka sosai sai dab da ƙarewa, don haka mai shi ya sa ma'aunin da ke ƙirga amfiyar shiga da fita. Bayan makon farko na tafiya a sake ɗaure kowane noti. Mai batir mai ruwa ya duba shi kowane wata a bazara, ya ƙara tataccen ruwa kawai bayan an cika caji, ban da ruwan rijiya ko na leda, ban da ƙarin asid. Farin garin da ke taruwa a kan batir ana wanke shi da ruwan kanwa da tsohon buroshi, a kula kada ya shiga ramukan, a goge, a shafa basilin.

Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a gaya musu illar dalma. A 2010 aka gano gubarta a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sanadiyyar niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje, yara aƙalla 400 suka rasu, kuma ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka rayu. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan, kuma fiye da rabin nauyinsa ita ce. Kada a fasa mataccen batir a gida, kada a narka dalmarsa don yin nauyin koma ko wani abu, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida ko kusa da rijiya. A ajiye shi a tsaye inda yara ba sa kaiwa, a mayar da shi ga dillalin da ke karɓar tsofaffi, yawancinsu ma suna rage kuɗin sabo idan an kawo tsohon, sannan a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.